Fangula Shida da Ƙaramin Littafi: Nazarin Wani Lambun Bayan Gida Cikin Shekara Biyar

Asalin lamarin

Mai lambun da wannan nazari ya shafa ma'aikaciya ce da ke fita da safe ta dawo da yamma, gidanta mutum shida ne, kuma ba ta taɓa yin noma don sayarwa ba. A bayan gidan akwai fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, wato murabba'in mita 48. Doguwar katanga ta tare shi ta gabas, wata bishiyar maƙwabta mai yalwar ganye ta leƙo ta yamma, famfo ɗaya tak da ke wurin kuma yana kusurwar gabas, dab da ƙofar baya. Ƙasar mai yashi ce, ruwa ba ya kwanciya a kanta, kuma an yi shekaru ba a shuka komai a wurin ba kafin ta sa masa fartanya. Burinta bai wuce ta riƙa samun tumatir, tattasai, albasa, latas, karas, alayyafo da kuɓewa daidai buƙatar gida ba.

Bayanan shekara biyun farko daga bakinta aka ji su, sai kuma abin da hotunan waya suka nuna, domin a lokacin ba ta rubuta komai. Na sauran shekaru ukun daga takardunta aka ɗauko su. Shekarar lambu a wannan nazari tana farawa ne daga shigowar sanyi, lokacin da ake renon iri, ta ratsa zafi, ta ƙare da ɗaukewar damina.

Shekara ta farko: yalwa ba lissafi

Ta kafce filin gaba ɗaya, ta zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi, ta ja fangula yadda ido ya ba ta, ba awo ba alama. Tumatir da tattasai ta dasa su kusa da famfo, saboda su ne masu yawan shan ruwa, ita kuma da bokiti take ban ruwa bayan ta dawo daga aiki. Shekarar ta yi kyau ƙwarai. Ba ta auna abin da ta tsinka ba, amma ta tuna cewa an yi makonni ana cika bokiti da tumatir, har ana aika wa maƙwabta.

Abu ɗaya ne ya tafi a banza, shi ma ba ta ɗauke shi matsala ba a lokacin. Ta juye takardar irin latas duka a rana ɗaya, da lokaci ya yi kusan kai 40 suka isa ci a tare, cikin tazarar kwana goma, alhali gidan ba ya cin fiye da huɗu a mako. Ta rarraba abin da ta iya, sauran ya yi tsayi, ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci. Da shekara ta ƙare ta tuge komai, ta baje fangulan ta mai da filin bai ɗaya, ta zuba ragowar iri a wani gwangwani ta ɗora a tagar kicin.

Shekara ta biyu: yaushi da tsakar rana

Matsalar farko daga gwangwanin nan ta fito. Ta yafa ragowar irin albasa ta jira, mako ɗaya, mako biyu, har uku, ba abin da ya fito sai 'yan tsiro jefi-jefi. Kafin ta sayo sabo ta sake reno, kusan wata guda ya tafi, albasar kuma ba ta yi kai sosai ba kafin zafi ya shigo.

Tumatir ya tashi lafiya da farko. Da ya fara fure sai ta lura da abu biyu: furen yana bushewa ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ganyen kuma yana yin yaushi da tsakar rana ko da ƙasa na da danshi, ya farfaɗo da daddare. Ta ƙara ruwa, bai canza ba. Ta barbaɗa takin zamani sau biyu, ganyen ya ƙara duhu na 'yan kwanaki, yaushin yana nan. Ta yi feshin maganin ƙwari, ko da yake ba ta ga wani ƙwaro a kan ganyen ba. Daga baya, cikin 'ya'yan da suka samu suka ƙullu, wasu suka yi baƙi daga ƙasa, wurin ya lotsa ya bushe kamar fata, sai ta sayo maganin cutar ganye shi ma ta fesa. A ƙiyasinta abin da ta samu bai kai rabin na bara ba. Hukuncin da ta yanke shi ne an sayar mata da iri marar kyau, kuma kowa a gidan ya yarda da haka.

Shekara ta uku: babban littafi

Ta shiga wannan shekara da niyyar ba za a sake yi mata ba. Ta sayi iri a wani wuri dabam, ta kuma sayi babban littafi mai bango mai tauri, ta ja masa layuka goma sha huɗu: kwanan wata, yanayin sama, zafin rana, ruwan da aka bayar, taki, feshi, tsayin shuka, launin ganye, da sauransu. Kowace rana tana da layinta. A ɗakin kwana littafin yake, don kada ya jiƙe ko yara su yaga shi, saboda haka da daddare take cika shi da abin da ta iya tunawa.

Kwana 33 na farko babu giɓi. Daga nan aka fara tsallake kwana biyu, kwana huɗu, a mako na bakwai rubutu ya tsaya cak. Wanda ya buɗe shafukan da aka cika zai ga kalmomi kamar "na ba da ruwa", "tumatir ya yi kyau", "an sa taki kaɗan". Ba inda aka faɗi wane tumatir, a wane gefe, ko bokiti nawa. Abu ɗaya da ya tsira daga wannan yunƙuri shi ne ƙaramin sikelin kicin da ta fara ɗora duk abin da ta tsinka a kai, tana rubuta nauyin a bayan kalandar bango, don ita ce kusa da hannu.

Sabon irin bai hana komai ba. Cikin tumatir 24 da ta dasa, 9 sun mutu kafin su ba da ɗa, sauran sun tsumbure, jimillar abin da sikeli ya nuna a duk shekarar kilo 14 ne.

A mako na goma sha ɗaya bayan dashe ta samu wani tsohon malamin gona ya leƙo lambun. Bai tsaya kan ganye ba. Ya sa shebur ya ɗago wani tumatir da ya yi yaushi har da ƙasarsa, ya tsoma saiwar a bokitin ruwa ya girgiza, ya miƙa mata. A maimakon siraran jijiyoyi farare, saiwar ta cika da ƙullutu-ƙullutu kamar an jera tsakiya a zare, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun haɗe sun yi kauri kamar ɗan yatsa. Ya murza ɗaya da farce bai ɓalle ba, domin jikin saiwar ne da kansa ya kumbura. Ya bayyana mata cewa aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwa ta zauna, kumburin ya toshe hanyar da ruwa da abinci ke bi su hau sama, shi ya sa shuka ke yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, shi ya sa kuma taki da feshin ganye ba su yi amfani ba. Wannan tsutsa ta fi son ƙasa mai yashi da ɗumi, kuma tana ninkuwa duk shekarar da ta sake samun abin da take ci a wuri ɗaya. Don ya cire shakka game da cutar baktiriya mai sa irin wannan yaushi, ya yanke karan ya rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa. Da ita ce, da cikin 'yan mintoci an ga farin zare kamar madara yana gangarowa daga karan. Ruwan ya tsaya garau.

Sai ya tambaye ta abin da aka shuka a daidai wurin bara da bara waccan. Ta amsa ba tare da wata tantama ba cewa kowace shekara tana canza wa tumatir wuri. Babbar 'yarta da ke tsaye a gefe ta ce, "Umma, ai ina jin a nan yake tun farko," ta ɗauko waya ta shiga binciken tsofaffin hotuna. A hoton shekarar farko tumatir na jikin katanga, famfo na bayansa. A na shekara ta biyu ya matsa kamar taku biyu, tattasai ya koma inda ya bari. A ta uku ya dawo. Ashe canjin da take tunawa gaskiya ne, sai dai bai wuce mita ɗaya ba, kuma tsakanin tumatir da tattasai ake musayar, su kuwa dangi ɗaya ne da gauta da dankalin Turawa, cutar ɗaya ta kowa ce. Hotunan sun tona wani abu kuma da ba wanda ya nema: kwanan watan da ke jikinsu ya nuna cewa a shekara ta biyu ta yi dashe kwana 34 bayan lokacin da ta yi a shekarar farko, a ta uku kuma kwana 27, ita kuwa a ranta duk lokaci ɗaya take yi.

Tsakanin shekara ta uku da ta huɗu: awo da taswira

Aikin farko shi ne tsayar da fangula wuri ɗaya. Ta auna guda shida, kowanne faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3, da hanyar santimita 50 a tsakani, faɗin da hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ƙasar ba. Ta kafa turaku a kusurwoyi, ta rubuta lamba da fenti a kan bulo ta ajiye a bakin kowanne. Na 1 da na 2 suna jikin katangar gabas, inda tumatir ya shekara uku. Na 3 da na 4 a tsakiya. Na 5 da na 6 ta wajen bishiya. Ta zana wannan a takarda ɗaya, da famfo da katanga da bishiya, ta kuma cike abin da hotuna suka nuna an shuka a kowane wuri a shekarun baya. Daga ranar ta daina baje fangula a ƙarshen shekara, domin bajewar da kanta tana kwasar ƙasa mai cuta ta kai inda babu.

Wata ranar hutu ta ware ta ga rana da inuwa. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma tana fitowa kowace awa ta yi alama a kan taswira, wane fangali ne rana ke kansa. Na 3 da na 4 sun samu awa 8, na 1 da na 2 da na 5 kimanin awa 6, na 6 kuwa awa 4 kacal, bishiya na rufe shi tun tsakar rana. Kayan lambu masu ba da 'ya'ya suna son aƙalla awa 6, masu ganye suna haƙuri da ƙasa da haka. Ta maimaita awon bayan wata shida, tunda inuwa na matsawa da juyawar shekara, bambancin bai kai ya sauya tsarin ba.

Na 1 da na 2 ta yi musu gashin rana a tsakiyar zafi: ta tuge saiwoyin ta ƙone su, ba ta kai su ramin taki ba, ta jiƙa ƙasar sosai, ta shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ta binne gefunanta, ta bar ta mako shida.

Sannan ta juye gwangwanin iri a kan tebur. Takarda goma sha ɗaya, ba ko ɗaya da ta san shekarar da ta saye ta. Daga kowace ta ɗebi ƙwaya 10 ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ta sa a leda, tana dubawa har kwana 14. Tumatir 9 suka tsira, kabeji 8, karas 5, albasa 2. Hakan ya yi daidai da abin da aka sani, cewa irin albasa da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, na tumatir kuwa yana kai shekara huɗu ko fiye in an ajiye shi a wuri busasshe mai sanyi, abin da tagar kicin ba ta taɓa zama ba. Ta zubar da duk wanda bai kai 6 ba, ta rubuta shekara a jikin sauran, ta mai da su kwalba mai murfi a cikin kabad.

Lokacin shuka kuma daga baya ta ƙirgo shi. Furen tumatir yana zubewa idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai sauko ƙasa da kimanin 22 ba. Reno yana cin mako 5, daga dashe zuwa fure kimanin mako 4, ƙulla 'ya'ya kuma yana ɗaukar wasu makonni 6. Jimilla mako 15 ke nan da ya kamata su shige kafin zafi ya kankama. Ta nemi makon da zafi ya saba tsanantawa, ta ja baya mako 15, ta zagaye ranar a kalanda. Ranar ta faɗo kusan daidai da wadda ta yi reno a shekarar farko bisa sa'a.

Na ƙarshe shi ne littafin. Wannan karon ƙarami ne mai shiga aljihu, da fensir ɗaure da zare, a cikin robar da ke da murfi, rataye a ƙusa a saman famfo. Fensir ta zaɓa saboda tawada na narkewa in jiƙaƙƙen hannu ya taɓa ta. Kowane fangali yana da shafukansa, ba a bin rana-rana. Abu biyar kawai ake rubutawa, kuma sai ranar da suka faru: abin da aka shuka da sunan irinsa da adadinsa, ranar shuka ko dashe, ranar tsinkar farko da ta ƙarshe, nauyin abin da aka tsinka, da yanayin saiwa ranar da aka tuge. Ga saiwar ta yi ma'auni mai sauƙi daga 0 zuwa 3: sifili babu ƙullutu, 1 sai an duba da kyau, 2 a bayyane, 3 saiwa ta lalace. A bangon baya yara ke jan layi ɗaya ga kowane bokitin lita 10 da suka zuba, wannan ma ba don nazari ta ƙirƙiro shi ba, don raba gardamar wanda ya yi aiki da wanda ya zille ne.

Shekara ta huɗu: gyara da wani sabon kuskure

Lissafin karɓa-karɓa ya tilasta mata rage buri. Ana son dangin tumatir su bar wuri shekara uku kafin su dawo, fangulan da ke da isasshiyar rana kuma biyar ne, biyu a cikinsu ba su da lafiya. Saboda haka fangali ɗaya kawai ta ba tumatir, na 4, tsiro 12 a layi biyu da tazarar santimita 50, tattasai kuma ta mai da shi cikin buhuna da sabuwar ƙasa. Albasa ta shiga na 1, kabeji na 2, karas na 3 da rabin na 5, latas da alayyafo na 6. Ta kuma kafa ƙa'idar cewa na 1 da na 2 su ne na ƙarshe a kowane aiki, a wanke fartanya bayan an gama da su.

Latas ta koma renon tsiro 8 duk bayan mako biyu. An yi mako 13 ana cinsa ba yankewa, wanda aka zubar bai wuce kai biyar ba. A inuwar na 6 ya fi jinkirin girma, amma ya fi daɗewa bai yi fure ba.

Tumatir bai yi yaushi ba, fure kuma ya ƙullu. Sai dai cikin 'ya'ya 40 na farko, 11 sun fito da baƙin nan na ƙasa. Wannan karon kafin ta nemi magani ta juya bangon littafin. Layukan yara sun nuna kwana uku ba ko bokiti ɗaya, rana ta huɗu bokiti 15, sai kwana biyu shiru, sai 12. Wannan baƙi ba cuta ce mai yaɗuwa ba, yana faruwa ne idan sinadarin kalsiyam bai isa ƙarshen ɗan tumatir ba yayin da yake girma, kuma kalsiyam cikin ruwa yake tafiya, don haka ƙishi yau ambaliya gobe ya isa ya jawo shi ko da ƙasa na da sinadarin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin milimita 25 na ruwa a mako, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita, lita 90 ke nan ga fangali mai murabba'in mita 3.6, ƙasa mai yashi a lokacin zafi kuma tana neman fiye da haka. Ta tsayar da bokiti 2 kowace safiya, lita 140 a mako, ta rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5. Bayan mako biyu baƙin ya koma ɗaya-ɗaya. Shekarar ta rufe da kilo 25 daga tsiro 12, saiwa kuma ta samu sifili, ban da guda biyu da suka samu 1.

Kuskuren da damina ya zo. Kabejin na 2 ya yi kyau, saiwarsa ta samu 1, sai ta ɗauka gashin rana ya gama aiki. Da ta duba jadawalin dangi ta ga kuɓewa ba 'yar uwar tumatir ba ce, ta shuka rabin irinta a na 2, rabi a na 5, iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya. Duka biyun suka fara ba da 'ya'ya wajen kwana 55. Ta na 2 ta tsaya bayan mako huɗu, ganye ya yi rawaya ya zube. Ta na 5 ta kai mako tara ana tsinka duk bayan kwana biyu. Ranar tugewa, saiwar na 2 ta samu 3, ta na 5 sifili. Tsutsar saiwa ba ta bin jadawalin dangi: kuɓewa tana cikin abubuwan da ta fi so, haka kokwamba da karas da latas da wake iri-iri, gashin rana kuma yana rage ta ne a saman ƙasa inda zafi ya kai, waɗanda ke can ƙasa suna nan suna jira. A damina ɗaya kuɓewa ta mai da na 2 inda ya fito. Na 1, da ya samu albasa sannan masara, bai nuna komai ba, ko da yake waɗannan biyun ba su cika nuna ƙullutu ba balle a yi hukunci da su.

Shekara ta biyar: sakamako

Ta ƙara layi ɗaya a taswira, ta raba shuke-shukenta gida biyu, waɗanda tsutsar ke ci sosai da waɗanda ba ta cika damunsu ba, kamar albasa, tafarnuwa, masara da dangin kabeji. Duk fangalin da ya samu 2 ko 3 ba ya ganin 'yan rukunin farko sai ya sauko. Na 2 ya sake shan gashin rana, ya karɓi albasa da tafarnuwa. Tumatir ya koma na 3, ta kuma zaɓi irin da ke da harafin N a jikin takardarsa, alamar yana jure wa tsutsar saiwa, duk da an san juriyar tana raguwa idan zafin ƙasa ya wuce kimanin digiri 28, wani dalilin kuma na rufe ƙasa da ciyawa da yin shuka da wuri.

Tsiro 12 sun ba da kilo 32, ba wanda ya mutu. Saiwar tsiro uku da ke bakin da ya fi kusa da na 1 ta samu 1, sauran sifili. Albasa ta fito cikin kwana 10 daga irin da aka saya a shekarar. Abin da tattasan buhu ya bayar bai kai na fangali a shekarar farko ba, bisa tunaninta, kuma ya fi cin ruwa. Don ta san halin da na 1 da na 2 ke ciki, ta shuka kuɓewa biyu-biyu a ƙarshen kowanne da damina, ta tuge su bayan mako shida don duba saiwa kawai. Na 1 ya samu 1, na 2 ya samu 2.

Hukunci a kan lamarin

Ba daidai ba ne a ce littafi ne ya ɗaga tumatir daga kilo 14 zuwa 25. A shekara ta huɗu an canza wuri, lokacin shuka, yawan hasken rana da tsarin ban ruwa a lokaci guda, kuma ba hanyar da za a ware rabon kowanne. Haka ƙarin da aka samu a ta biyar ya zo tare da sabon iri. Gwaji ɗaya ne mai tsabta a duk shekarun, na kuɓewa, shi ma bisa kuskure aka yi shi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne cewa matsala huɗu dabam-dabam, tsutsar saiwa, makarar shuka, ban ruwa marar tsari da tsohon iri, sun taru sun yi kama da matsala ɗaya, mai lambun ta sa mata suna "iri marar kyau", ta yi shekara biyu tana kashe kuɗi a kan taki da feshi da ba su taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Uku daga cikin huɗun ba a iya ganinsu a rana ɗaya komai kaifin ido, sai an ajiye bara kusa da bana, ko makon jiya kusa da na yau. Ita kuwa ba mai sakaci ba ce. Ta tuna cewa ta canza wuri, kuma ta canza ɗin, abin da ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ba shi ne mita nawa da kwana nawa.

Babban littafin ya faɗi saboda dalilan da ake gani a shafukansa. Yana nesa da inda ake aiki, yana neman a cika gurbi goma sha huɗu ko ranar da ba abin da ya faru, kuma an tsara shi bisa kwanaki a lambun da fangulansa ba su da suna. Tambayar da malamin gona ya yi, me aka shuka a nan bara, da an cika littafin har bangon ƙarshe ma ba zai amsa ta ba. Ƙaramin ya daɗe saboda akwai makonnin da ba a buɗe shi sai don layin bokiti, kuma duk abin da ke cikinsa yana da shawarar da ke jiransa: makin saiwa ke faɗin abin da zai shiga fangali baɗi, ranar tsinkar ƙarshe ke faɗin ko an makara. A ganina lambar da aka rubuta a kan bulo ta fi littafin kansa aiki, domin sai da wuri ya tsaya cik sannan rubutu a kansa ya samu ma'ana.

Tsarin yana da tsadarsa. Fangulan da suka fi kusa da famfo sun yi shekara biyu ba su ga tumatir ba, ana ɗaukar bokiti zuwa tsakiyar lambu, an kuma haƙura da kokwamba gaba ɗaya don babu inda za a sa ta ba tare da an ɓata jerin ba. Tsutsar ma ba ta tafi ba, ba a kuma sa ran za ta tafi. A taswirar shekara ta shida tumatir yana na 5, an rubuta shi da fensir a na 1 ga shekara ta bakwai da alamar tambaya a gefe, sai abin da saiwar kuɓewar gwaji ta nuna a damina mai zuwa, na 2 kuma zai sake karɓar albasa, sannan masara.